Fim a kan rayuwar Uche Okeke: daga ina za a fara, kuma me za a nuna?

Sabo Gangare:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ƙannena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani aiki da na sa a gaba, wato rubuta labarin fim a kan rayuwar Farfesa Uche Okeke, mai zanen da aka haifa a Nimo, cikin jihar Anambara ta yanzu, a 1933, ya rasu a watan Janairu na 2016. Na san wani zai tambaya me ya haɗa marubucin Hausa a Jos da mai zane Ibo. Amsar ita ce Arewa ce ta rene shi. A Kafanchan ya taso, a can ya fara makaranta. A gidan tarihi na nan Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya baje kolin zane-zanensa tun kafin ya shiga babbar makaranta, a zamanin da Bernard Fagg ke riƙe da gidan. Sannan a Zariya ya yi karatun zane daga 1957 zuwa 1961, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A can ne shi da abokan karatunsa, su Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke, suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane a 1958, domin sun ƙi yarda a ce iya zane shi ne iya kwaikwayon abin da ake koyarwa a makarantun Ingila.

Abin da ya tsaya mini shi ne siffar labarin. Ko dai in bi rayuwarsa daga haihuwa zuwa rasuwa, in ratsa ta Kafanchan da Jos da Zariya da Jamus da Inugu da yaƙin basasa da Nsukka, ko kuma in tsaya a kan shekarun Zariya kaɗai, in bar sauran su riƙa leƙowa ta hanyar tunani. Zuciyata ta fi karkata ga na biyu, domin ina ganin fim a kan mai zane bai cika ba sai ɗan kallo ya fita yana ganin duniya yadda mai zanen yake ganinta, kuma hakan ba ya samuwa idan ana gudu da labari daga shekara zuwa shekara. Amma ina so in ji ta bakinku kafin in ci gaba.

Alhaji Bala Furodusa:
Wa alaikumus salam, Malam Sabo. Zan faɗa maka gaskiya irin ta wanda yake sa kuɗinsa a harkar nan. Mutanenmu labari suke zuwa kallo, suna so su ga an haifi yaro, ya sha wahala, ya yi aure, yaƙi ya ci shi ko ya tsira, ya tsufa da daraja. Idan ka kulle su cikin aji da ɗakin kwanan ɗalibai na tsawon awa biyu, samari suna muhawara a kan launi da layi, to kai da abokanka malaman jami'a kaɗai za ku kai ƙarshensa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 yana tsakiyar rayuwar mutumin nan, kuma shi ne abin da kowane ɗan Nijeriya zai tsaya ya kalla. Ta yaya za ka ajiye shi gefe? Bayan haka akwai tambayar da za a yi mini a kasuwa, ba kai za a yi wa ba: don me ba a nemi gwani Bahaushe an yi fim a kansa ba?

Hajiya Talatu Abdu:
Alhaji, Allah ya ƙara arziki, bari in amsa tambayarka ta ƙarshe tukuna, domin na koyar da zane a makarantun sakandare har na yi ritaya, kuma a Zariya na yi karatuna. Gwanayenmu na Hausa suna nan, amma yawancinsu ba su bar suna a jikin aikinsu ba. Wanda ya tsara dagi da sauran ado a bangon zaure, da wanda ya zana aska takwas a ƙirjin babbar riga kafin mai ɗinki ya bi da allura, da mai ƙawata rubutun Alƙur'ani da zayyana, duk masu zane ne na gaske, sai dai tarihin rayuwarsu bai zo mana a rubuce ba. Wanda sunansa ya tsira shi ne irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, shi kuwa magini ne. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira ashirin, tukwane ta riƙa ginawa. Dukansu sun cancanci fim, amma hakan ba ya hana a yi na Okeke, wanda ya bar rubuce-rubuce da littafin da yake rubuta al'amuran yau da kullum tun yana ɗalibi.

Game da siffar labarin kuwa, ina bayan Malam Sabo, kuma dalilina shi ne abin da ya faru a Zariya ba ƙaramar muhawara ba ce. Sashen zane ya taso daga Ibadan ya dawo Zariya a 1955, mafi yawan malamansa Turawan Ingila ne, kuma tsarin karatun irin na can ne: a zana jikin mutum daidai da ma'aunin gaɓoɓi, a koyi nisa da kusa, a koyi haske da inuwa. Yaran nan ba su ce wannan ilimi banza ba ne, sun koye shi da kyau. Abin da suka ce shi ne, ƙasa tana gab da samun 'yancin kai, to da wane hannu za ta zana kanta? Sai suka yanke cewa kowa ya koma ga fasahar mutanensa ya yi bincike, ya haɗa abin da ya samo da dabarun da ya koya a aji, ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. Okeke ya koma ga uli, wato zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bangon ɗaki, kuma mahaifiyarsa tana cikin waɗanda ya ɗebi wannan sani a wurinsu. Ka dubi wannan da kyau, Alhaji. Saurayi ya je babbar makaranta a hannun Turawa, ya dawo ya zauna a gaban mahaifiyarsa yana neman ta nuna masa yadda ake jan layi. Idan wannan ba labari ba ne, ban san abin da ake kira labari ba.

Chinedu Jos:
Mama Talatu, na gode da wannan bayani. Ni a Jos aka haife ni, a nan na girma, Hausa nake yi da abokaina tun ina yaro, amma na ga uli da idona a ƙauyenmu lokacin da tsofaffin da suka iya shi suna raye. Ina so in ƙara abu ɗaya da zai amfani mai rubutu. Na jiki ana yin sa ne da ruwan 'ya'yan wani tsiro, ana jan sa da siririn ƙarfe, da farko ba ya fitowa sosai, sai ya kwana ya yi baƙi, bayan kwanaki kuma ya gushe. Na bango ana yin sa da farar ƙasa da ja da rawaya da baƙi, damina ta zo ta wanke shi, a sake wani. Mai yin uli ba ta gogewa, ba ta komawa baya ta gyara. In ta ɗora hannu sai ta kai layin inda za shi. Kuma filin da ta bari babu komai yana da muhimmanci daidai da inda ta zana. Wanda ya kalli zanen Okeke na alƙalami da tawada zai ga wannan tarbiyyar a ciki.

Amma ina da magana a kan abin da Alhaji Bala ya kawo, kuma ina roƙon a fahimce ni. Kakana ya bar garin nan a 1966, lokacin rikicin da aka kashe Ibo da yawa a Arewa, da abin da hannunsa zai iya ɗauka, bayan yaƙi ya dawo ya sake kafa shagonsa, maƙwabtansa Hausawa suka karɓe shi. A gidanmu ba a ba da wannan labari da wasa. Idan za a sa yaƙin a fim don ya jawo 'yan kallo, gara a bar shi. Idan kuma za a yi fim a kan Ibo da ya taso a Kafanchan, a yi kamar 1966 ba ta faru ba, wannan ma mutanenmu za su ce an share musu hawaye da ƙaya. Ban san mafita ba, amma dole a neme ta.

Sabo Gangare:
Ɗan'uwana Chinedu, maganarka ta shige ni, kuma ita ce mafi nauyi a cikin abin da aka faɗa zuwa yanzu. Abin da nake tunani shi ne, lokacin da rikicin ya ɓarke Okeke ya riga ya koma Gabas, yana Inugu, cibiyarsa ta al'adu mai suna Asele da ya fara kafawa a Kafanchan ma ta bi shi can. Saboda haka ba zan ƙirƙiri fitowar da ake bin sa da gudu a tashar jirgi ba, domin ba zan sa wa mutum abin da ban tabbatar ya same shi ba. Amma ɗan kallo ya san abin da ke tafe. Idan na nuna masa Kafanchan ta shekarun 1940, mahaɗar layin dogo inda jirgin Fatakwal da na Kaduna da na Jos suke haɗuwa, ma'aikatan reluwe Ibo da 'yan kasuwa Hausawa da mutanen ƙasar suna cin kasuwa ɗaya, sannan na nuna masa samarin Zariya suna murnar samun 'yancin kai a 1960 da zuciya ɗaya, to nauyin abin da ya biyo baya zai sauka a kansa ba sai na harba bindiga ko ɗaya ba. Mu da muka ga rikice-rikicen 2001 da 2008 a garin nan ba ma bukatar a koya mana yadda unguwa take rabewa.

Alhaji Bala Furodusa:
Malam Sabo, wannan dabara ce ta marubuta, kuma tana da kyau a takarda. Amma yaron da aka haifa bayan 2000 bai san abin da ya faru a 1966 ba balle nauyinsa ya sauka a kansa. Sai an nuna masa.

Rifkatu Bako:
Ina gaishe da iyayena. Ni 'yar Kafanchan ce, ina karatun fim a Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a nan Jos, kuma ina cikin yaran da Baba Alhaji yake magana a kansu. Gaskiya ne ba a koya mana tarihin nan yadda ya kamata ba, har na shiga makarantar fim ban san cewa wani babban mai zane ya taso a garinmu ba. Amma ina ganin akwai hanya ta tsakiya wadda ba ta ɓata tsarin Baba Sabo. A buɗe fim ɗin a Nsukka a farkon shekarun 1970, lokacin da Okeke ya karɓi shugabancin sashen zane a jami'ar da yaƙi ya ragargaza, ga azuzuwa babu kayan aiki, ga ɗalibai da suka fito daga daji da yunwa. Yana tsaye a gabansu zai koya musu jan layi, daga nan sai labari ya koma Zariya, inda shi kansa ya nemi amsar tambayar da suke yi masa. Ta haka an ga abin da yaƙi ya bari ba tare da an ɗauki fagen fama ba, wanda ma ba mu da kuɗin ɗaukarsa yadda zai gamsar. Kuma ta haka ne za a fahimci inda su Obiora Udechukwu da sauran masu zanen Nsukka suka samo tushe.

Sai batun harshe, wanda ban ji an taɓo ba. Ina roƙon kada a yi fim ɗin da Turanci zalla don neman kasuwar waje, kada kuma a tilasta wa kowa Hausa. A Kafanchan Hausa ce harshen kasuwa da tasha, a cikin gida Ibo za a yi, a aji kuma Turanci. A bar kowane wuri da harshensa, a sa fassara a ƙasa. Wannan cakuɗuwar ita ce gaskiyar rayuwar Arewa ta wancan zamani, kuma ita ce gaskiyar Jos har gobe.

Malam Auwalu Na'ibi:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma akwai abin da in ba a tattauna shi a nan ba za a tattauna shi a waje bayan fim ya fito, kuma da zafi. Hadisai ingantattu sun zo a Buhari da Muslim da gargaɗi mai tsanani ga masu yin surar abu mai rai. Mutanenmu sun san wannan, shi ya sa iyaye da yawa ba sa barin 'ya'yansu su karanci zane, shi ya sa kuma fasaharmu ta fi ƙarfi a wajen ado na layi da ƙulli da rubutu. Ba ina cewa kada a yi fim ɗin ba ne. Malamanmu na Malikiyya sun bambanta tsakanin sura mai jiki wadda take da inuwa, cikakkiyar halitta, wadda ita ce suka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango, wanda suka sassauta a kansa, mafi yawansu suka tsaya a kan karhanci. Akwai kuma malaman da suka tsananta a kan duka biyun. Abin da nake so Malam Sabo ya lura da shi shi ne, wasu ayyukan Okeke sun ɗauko daga tatsuniyoyi da imanin gargajiya na Ibo, kamar zanensa na 1961 mai suna Ana Mmuo, wanda ke magana a kan duniyar matattu. A nuna shi a matsayin tarihin mutum da al'adarsa, kada a shirya fitowar ta yadda za a ce ana kiran 'yan kallo zuwa ga wani abu. Sannan ajin da ake zana jikin mutum, a san yadda za a ɗauke shi cikin sutura da mutunci.

Hajiya Talatu Abdu:
Allah ya gafarta Malam, na ji daɗin yadda ka kawo maganar da ilimi. Wannan tambayar na sha ta a bakin iyayen yara duk tsawon aikina, kuma ban taɓa raina mai yin ta ba. Ina so in tuna wa zaure cewa a cikin samarin Zariya akwai Musulmi, Yusuf Grillo na Legas, wanda ya rasu a 2021, aka san shi da launin shuɗi, ya kuma daɗe yana jagorantar koyar da zane a kwalejin Yaba. Ban san abin da ya gudana tsakaninsu a kan addini ba, don haka ba zan ce a sa masa magana a baki ba. Amma kasancewarsa a cikin fim ɗin kaɗai zai nuna wa yaranmu cewa wannan fage ba na wani addini ɗaya ba ne. Haka kuma kada a manta da Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano, wadda ta koyar a sashen a wancan lokaci, mace 'yar ƙasa a tsakanin malamai Turawa. Duk rubutun da ya bar ta a waje ya rage wani abu mai tsada.

Akwai kuma abin da nake so a nuna ko da babu magana a ciki. Waɗannan ɗalibai shekara huɗu suna zaune a gefen birnin da bangayensa ke cike da zane. Ba zan ce daga nan Okeke ya ɗauko salonsa ba, domin daga uli ya ɗauko shi. Amma kyamara tana iya bin saurayin yana tafiya cikin birnin Zariya, ya tsaya yana kallon magini yana fitar da dagi da hannunsa a jikin ɗanyen yaɓe. Ɗan kallo Bahaushe zai gane nan take cewa abin da saurayin nan yake nema a garinsu, irinsa yana nan a ƙofar gidanmu, mu ne muka daina kallonsa tun da siminti ya zo.

Nura Mai Kyamara:
Hajiya ta kawo ni inda nake jira. Ni aikina ɗaukar hoto, kuma abin da ya fi ba ni haushi a finafinan masu zane shi ne yadda ake ɓoye aikin kansa. Za a nuna jarumi ya ɓata rai, ya watsa fenti, a yanka, sai ga zane ya kammala a jingine, a nuna shi na daƙiƙa uku a wuce zuwa rigimarsa da mata ko giya. An mayar da mai zane mahaukaci ko mashayi, domin wai hakan ne ke sayarwa. Okeke malami ne, mai bincike, mai tara kayan tarihi, wanda ya je Munich a Jamus a farkon shekarun 1960 ya koyi aikin gilashi mai launi. Idan aka ƙaƙaba masa hauka an ci amanarsa.

Abin da nake ba da shawara shi ne a ware aƙalla fitowa ɗaya da za a ɗauki zane daga farar takarda har ya kammala ba tare da an yanka ba. A kafa kyamara daga sama, a kashe kiɗa, a bar ƙarar bakin alƙalami a kan takarda da numfashin mai zanen. Tun da Chinedu ya ce layin uli ba a komawa a gyara shi, to ɗan kallo zai riƙe numfashinsa yana jiran ya ga ko hannun zai kauce, kuma wannan fargabar ta isa ta riƙe mutum a kujera, Alhaji Bala. Wannan yana nufin ba jarumin ne zai yi zanen ba, sai dai idan shi ma gwani ne. A nemi mai zanen da ya sami horo a Nsukka ya ba da hannunsa, a daidaita launin fata da siffar yatsu da na jarumin. Game da wurin ɗauka, ba sai mun kwashi ma'aikata zuwa ko'ina ba a kowane lokaci. A harabar gidan tarihi na nan Jos akwai sashen gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi Masallacin Zariya da ganuwar Kano da ƙasa, ga kuma tsofaffin kawunan jirgin ƙasa a ajiye. Amma fitowar cikin birni dole a je Zariya, kuma a je da hunturu, domin hazon lokacin yana tausasa haske ya fito da jan ƙasar bango yadda babu fitilar da za ta ba ka.

Barista Hauwa Lawal:
Kafin a yi nisa da shirin ɗauka, akwai abin da doka ta tanada. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, aikin zane yana da kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai shi ya rasu, wato ayyukan Okeke suna da kariya har ƙarshen 2086. Ba za a nuna su a fim ba, ba kuma za a sa wani ya kwaikwaye su a gaban kyamara kamar yadda Malam Nura yake so ba, sai da izinin magadansa a rubuce. Wasu ayyukan ma suna hannun gidajen tarihi na waje, Ana Mmuo da Malam Auwalu ya ambata yana gidan adana fasahar Afirka na Smithsonian a Washington, kuma samun hotonsa mai inganci yana da nasa sharuɗɗan. Sannan a tuna cewa mutanen da za a fito da su ba na tatsuniya ba ne, suna da 'ya'ya da jikoki, don haka duk maganar da aka sa a bakin wani wadda za ta zubar masa da mutunci tana iya kai ku kotu. Shawarata ita ce a tuntuɓi iyalin tun rubutu yana ɗanye, kada a bari sai an kashe kuɗi.

Sabo Gangare:
Barista, na gode, wannan zan fara yi kafin komai. Kuma yana da alaƙa da abin da ya fi damuna a matsayina na marubuci, wato iyakar ƙirƙira. Babu wanda ya naɗi hirar da samarin nan suka yi a ɗakin kwanansu, babu wanda ya rubuta abin da mahaifiya ta ce wa ɗanta lokacin da take nuna masa zane. Dole in ƙirƙiri kalmomin. Ƙa'idar da na ɗaukar wa kaina ita ce zan ƙirƙiri magana, amma ba zan ƙirƙiri aukuwa ba: ba soyayyar da ba a yi ba, ba faɗa da malamin da ba a yi ba, ba korar da ba a yi ba. Kuma ba zan mayar da malaman Turawa azzalumai don in sami mugu a labari ba, domin rigimar ta fi haka zurfi. Saurayin yana son abin da suke koya masa, yana kuma jin cewa idan ya tsaya a nan zai zama baƙo a gidan ubansa. Abokin gabarsa yana cikin hannunsa na dama, wanda ya saba da ma'aunin aji har yana ƙin bin layin da mahaifiyarsa ke ja ba tare da tunani ba.

Shawarar 'yata Rifkatu ta buɗewa a Nsukka na karɓe ta, domin ta ba Chinedu da Alhaji wani ɓangare na abin da kowannensu yake nema.

Alhaji Bala Furodusa:
Ta ba ni wani ɓangare, ba duka ba. Har yanzu ina ganin fitowar da Nura yake so, ta zane babu yankewa babu kiɗa, za ta sa masu kallo a waya su tura gaba, kuma yau a waya ake kallon yawancin abin da muke yi. Amma maganar uwa da ɗa da Hajiya ta kawo ta kama ni, domin wannan kowace uwa a Arewa za ta gane shi, kuma mata su ne ƙashin bayan kasuwarmu. Idan mahaifiyar ta zama ginshiƙi na biyu a labarin, ba mai leƙowa sau ɗaya ba, zan iya zama mu yi lissafi. Ka rubuto mini fitowar tashar Kafanchan da ta zaman uwa da ɗa, in karanta in ga ko suna da jini a jika.

Chinedu Jos:
Alhaji, idan mahaifiyar za ta ɗauki wannan nauyi, to kada a ba wa jarumar da za a koya wa riƙe ƙarfen uli a lokeshan. Hannun tsohuwar da ta yi abin tun tana budurwa daban yake, kuma duk wata 'yar Ibo da ta haura sittin za ta gane na koyo da kallo ɗaya. Irin waɗannan tsofaffi sun yi ƙaranci ƙwarai, amma ba su ƙare ba a ƙauyukan Anambara. Zan je gida a watan Disamba, kuma zan tambayi 'yan'uwan mahaifiyata ko akwai wadda har yanzu take yi, wadda kuma za ta yarda a ɗauki hannunta. Malam Sabo, ka turo mini jerin tambayoyin da kake so in yi mata, musamman a kan sunayen alamomin da kuma wanda ake fara koya wa yarinya, domin in na same ta ba na so in tsaya ina lalube.